Faifai, Kaset da Memori: Tarihin Sauraren Waƙoƙin Fada a Ƙasar Kurfai

Zaman sauraren tsofaffin waƙoƙi da gardama a kan wace ɗauka ta fi wata al'ada ce da ba ta tsufa ba a ƙasar Hausa, domin ba ta yiwu ba sai da aka sami na'urar da ke riƙe murya. Kafin nan waƙa a bakin mai ita take, sai kuma abin da ya maƙale a kan waɗanda suka halarci wurin. Idan mutum biyu suka saɓa a kan yadda makaɗi ya faɗi wani ɗa na waƙa, ba mai raba su sai an sake haɗuwa da makaɗin, shi kuwa da wuya ya maimaita yadda ya faɗa jiya. Faifan garmaho, da akwatin rediyo, da kaset, da memorin waya su ne suka ba masu sauraro abin kafa hujja, kuma kowanne ya zo da irin tasa gardamar.

Filinge, a ƙasar Kurfai, tana bakin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, cikin jihar Tilaberi. Kurfayawa Hausa suke yi, suna zaune tsakanin Zabarmawan Tondikandiya, da Buzayen Imanan da Tagazar, da Filani makiyaya, Arewa kuma tana gabas da su. Kafin zuwan Faransawa a farkon ƙarni na 20, ƙasar ba ta da babbar fada irin ta Katsina ko Damagaram, mai ɗauke da rukunin makaɗan sarauta gado bayan gado. Sarautar kanto da ta tsaya a gidan Namalaya ta yi ƙarfi ne a zamanin mulkin mallaka. Kiɗan da ƙasar ta gada na goge da ƙwarya ne na wasan bori, da gangar noma, da kiɗan kokawa da na farauta, da kalangun dandali. Saboda haka waƙoƙin kotso da taushi, waɗanda a yau ake ɗauka su ne ƙololuwar fasahar baka ta Hausa, yawancinsu daga gabas suka iso Kurfai, daga Gobir da Zamfara da Sakkwato da Katsina, kuma ta hanyar na'ura suka iso.

Duk da haka ƙasar tana da igiya biyu da suka ɗaure ta da babban makaɗin wannan fanni, Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, Amadu Bawa. Masu rubuta tarihinsa sun kawo cewa mahaifinsa, Maidangwale, daga Filinge ya taso kafin ya zauna a Tubali. Sannan ɗaya daga cikin waƙoƙinsa da suka fi yawo ita ce wadda ya yi wa dokin sukuwa da ake kira Ɗanhilinge, sunan da ya jingina dokin da garin. Akwai kuma dalili na harshe. Hausar Kurfai daga cikin karorin yamma take, 'yar'uwar ta Arewa da Adar, don haka kalmomi da lafazin Narambaɗa da kan sa ɗalibin Kano neman mai fassara ba su cika yi wa dattijon Filinge wuya ba. Wannan fifiko ne na gaske a wajen gardama, domin rabin saɓanin da ake yi a kan tsohuwar ɗauka a kan abin da kunne ya ji ne.

Garmaho ya shigo yammacin Nijar ne a kayan 'yan ci-rani. Tun shekarun 1920 samarin wannan yanki suke gangarawa Kumasi da Akra neman kuɗin haraji da na aure. Ta wannan hanya ce bautar Hauka, wadda ta ɓulla a yankin Filinge a 1925, ta kai gaɓar teku, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa a kanta a 1954. Mai dawowa yakan zo da turmin atamfa da akwatin ƙarfe, wanda ya samu da yawa kuma ya haɗa da keke ko garmaho. Yawancin faya-fayen da kamfanoni irin su HMV da Decca suke bugawa a lokacin na kiɗan biranen kudu ne, na Hausa kaɗan ne a ciki. Amma faifan ya kawo wani abu da ya daɗe yana tasiri: fuska ɗaya ta faifai mai juyi 78 a minti ba ta ɗaukar fiye da minti uku da 'yan kai. Waƙar da a ƙofar fada za ta ci rabin sa'a, dole a datse ta. Makaɗi ya kafa gindi, ya kawo ɗiya uku ko huɗu, mai na'ura ya ɗaga hannu. Wanda ya san waƙar daga faifai kaɗai sai ya ɗauka iyakarta ke nan, wanda ya taɓa jin ta a fili kuma ya ce an yanke mata wuya. Gardamar doguwa da gajera daga nan ta samo tushe.

Rediyo ne ya mayar da sauraro abin kowa. An buɗe Rediyo Nijar a 1958, ya koma Muryar Sahel a 1974. A Kaduna kuma gidan rediyon Jihar Arewa ya fara aiki a 1962, da na'urar gajeren zango mai ƙarfin da ke tsallake iyaka ba tare da neman izinin kowa ba. A wancan zamani a kan mita 49 ake kama shi, kuma da dare yakan fito tas har cikin Dallol. Sashen Hausa na BBC ya riga su, tun 1957, na Jamus ya biyo a 1963. Ƙaramin rediyo mai batir ya yi arha a shekarun 1960, ya zama kayan da ɗan ci-rani ba ya dawowa babu shi. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraren rediyo ta Nijar, inda mutanen gari kan taru su saurari shiri tare, su tattauna, wani lokaci a naɗi ra'ayinsu a mayar Yamai. Batun noma da lafiya da karatun manya aka kafa ta dominsu, ba kiɗa ba, sai dai ta ƙarfafa ɗabi'ar da dama akwai ta: a saurara a taro, a kuma yi sharhi bayan an kashe akwati. Shirye-shiryen zaɓi-sonka sun ƙara nasu, domin mai aiko wasiƙa yakan ambaci waƙar da yake so da sunan makaɗi, wani lokaci har ya nuna wace daga cikin ɗaukar yake nufi.

Gidajen rediyo ba watsawa kaɗai suka yi ba, su ne suka naɗi yawancin abin da ake gardama a kansa yau. Ma'aikata kan ɗauki na'urar zare su tafi fada, ko a gayyato makaɗi da jama'arsa ɗakin naɗi. Da ba don haka ba da muryar Narambaɗa ta bi shi kabari, haka ta Salihu Jankiɗi, makaɗin taushi na Sarkin Musulmi, da ta Aliyu Ɗandawo. Waɗanda suka yi tsawon rai cikin zamanin na'ura, irin su Musa Ɗanƙwairo Maradun da ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru, da Muhammadu Sarkin Taushin Katsina, da Ɗan Anace mai waƙar Shago, sun bar ɗauka da yawa. A ɓangaren Nijar, taskar rediyon Yamai ce ta riƙe muryoyin irin su Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram da Ɗan Gurmu na Tawa, wanda daga baya aka sa wa gasar kiɗa ta ƙasa sunansa.

Akwai wani rukunin ɗauka da mutanen gari ba su cika ji ba, wato na masu bincike. Tolia Nikiprowetzky ya naɗi makaɗan Nijar a farkon shekarun 1960, kamfanin Ocora na Faransa ya fitar da su a faifai. David Ames ya yi irin wannan aiki a ƙasar Zazzau a 1963 da 1964, aka buga shi a jerin faya-fayen UNESCO. Sautinsu ya fi na rediyo tsabta, an kuma rubuta rana da wuri, amma a Turai aka sayar da su, kuma abin da mai bincike ke nema, wato samfurin kowane irin kayan kiɗa, ba shi ne abin da mai sauraro na gida ke nema ba. Shi cikakkiyar waƙa yake so daga bakin gwani.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya cika kasuwannin Sahel a shekarun 1970, kuma shi ne ya haifi mai tara waƙoƙi na sosai. Dalili biyu ne. Na farko, kaset mai minti 60 ko 90 yana ɗauke doguwar waƙa ba yanka. Na biyu, rikoda tana naɗa, ba saurare kaɗai ba. Duk mai rikoda ya zama mai ɗauka: ya ajiye ta kusa da makaɗi a gidan biki, ko ya danna jan maɓalli idan Kaduna ta sako tsohuwar waƙa da dare. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar masu kwafi da rarrabawa, kaya kuma suna shigowa Nijar ta Birnin Ƙonni da Maraɗi da Gaya, su bi motocin kasuwa zuwa garuruwa irin su Filinge. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa kaset ɗin Nijeriya ya yi araha ga mai riƙe da sefa. A rumfar mai kaset akan ga rikoda mai baki biyu, ɗaya na asali ɗaya na kwafi, da akwatin katako cike da kasusuwan da aka rubuta sunayensu da biro a bayan kwali. Mai saye ba ya biya sai an sa masa ya ji farko, an juya an sa masa ƙarshe, don ya tabbata waƙar ba ta yanke a tsakiyar ɗa ba. Idan rikoda ta cinye zare, akan zaro shi a hankali, a yanke inda ya tauye, a haɗa da ɗan salatif, a naɗe da biro. Gurbin da aka yanke yakan tafi da kalma biyu ko uku, kuma duk kwafin da aka yi daga wannan kaset zai gaji wannan giɓi. Masu kunne kan gane dangin kaset ta haka, kamar yadda makiyayi ke gane zuriyar saniya ta tabon kunne.

Abin da ake kwatantawa a irin wannan zama ya bambanta ƙwarai da abin da masu son kiɗan gargajiyar Turai ke kwatantawa, kuma bambancin yana bayyana yanayin waƙar Hausa kanta. A Turai mawallafi ya rubuta kiɗansa a takarda ya mutu, masu kaɗawa suna ta maimaita abu guda. Mujallar Gramophone ta Ingila tun 1923 take auna faya-faye, rediyon Faransa kuma tun 1946 yake da shirin da masana ke zama su saurari ɗauka daban-daban ta kiɗa ɗaya su fitar da gwani. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Glenn Gould, wanda ya naɗi wani aikin Bach na fiyano sau biyu, a 1955 cikin kusan minti 38, a 1981 cikin kusan minti 51, masoyansa kuma har yau ba su daidaita a kan wadda ta fi ba. A can, rubutun yana nan daram, sauri da taushin hannu ake gardama a kai. A waƙar baka ta Hausa babu takardar da za a koma wa. Mai ƙirƙira shi ne mai rerawa, kuma duk lokacin da ya buɗe baki sabon gini yake yi a kan tsohon tushe. Gindin waƙa ne kaɗai ke zaune. Ɗiyan suna ƙaruwa, suna raguwa, suna sauya wuri, gwargwadon wanda ke zaune a gaban makaɗi da abin da ya faru a garin a makon.

Don haka tambayar farko ita ce ta cika: wace ɗauka ce ta fi yawan ɗiya, kuma wane ɗa ne ke cikin wannan babu shi a waccan. Sau da yawa ɗan da ya ɓace na zambo ne. Makaɗin fada ba ya yabon ubangidansa ba tare da ya taɓa abokan hamayyarsa ba, 'yan'uwan sarki masu jiran gado ko wani bafade da ya yi rowa. A fili, cikin zafin kiɗa, zambon kan fito da kaifinsa. A ɗakin rediyo makaɗi kan sassauta, ko ma'aikaci ya sa almakashi. Shi ya sa masu tarawa suke daraja ɗaukar fili duk da hayaniyarta, kuma suna da gaskiya: ta ɗaki ta fi daɗin kunne, ta fili ta fi faɗin abin da makaɗin ke nufi.

Tambaya ta biyu ta 'yan amshi ce. A kiɗan kotso da taushi ba maimaita gindi kaɗai suke yi ba. Jagora kan fara ɗa ya sake shi a tsakiya, su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari da abin da bai faɗa ba. Wannan sai da doguwar zama tare. Rukunin da ya shekara ashirin bai canja ba yana karɓa kamar baki ɗaya, wanda aka yi wa sabbin yara kuwa ana jin ɗan jinkiri tsakanin ajewar jagora da karɓarsu. Mai sauraro na ƙwarai yakan ƙiyasta zamanin ɗauka daga muryoyin amshi tun kafin ya kula da muryar jagoran. Sai kuma sanƙira, mai kirari da shelar kyauta a tsakiyar kiɗa. Wasu na ganin yana ɓata waƙa, amma shi ne yakan ambaci sunan wanda ya ba da doki ko riga, kuma daga wannan suna ake gane gari da lokaci.

Ta uku ta murya da kiɗa ce, kuma a nan na'ura takan yaudari mutane. Rikodar da batirinta ya yi sanyi lokacin naɗi tana jan zare a hankali, idan aka sa kaset ɗin a lafiyayyar rikoda sai waƙar ta yi sauri, murya ta siranta. An sha yin musu a kan cewa wata ɗauka ta ƙuruciyar makaɗi ce saboda muryar ta fi zaƙi, alhali waƙa ɗaya ce aka kwafa da gudu biyu. Kwafi a kan kwafi kuma yana cinye kaifin sauti, ya ƙara shuu, har kotso ya koma kamar ana buga shi a cikin ɗaki rufe.

Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, shi ne ya fi kowa wahalar da masu kwatance, ko da yake shi ba makaɗin fada ɗaya ba ne. Ya yi fiye da rabin ƙarni yana waƙa da kalangu, an naɗe shi a faifan kamfani da rediyo da talabijin da ɗaruruwan rikodojin gidan biki, kuma an san shi da ƙirƙira nan take. Bakandamiyarsa, waƙar da yake wasa kansa a ciki, tana da ɗauka da dama da ba su yi daidai da juna ba, domin yakan ƙara mata abin da ya gani a tafiye-tafiyensa. Neman ta asali a nan aikin banza ne; abin da za a iya nema shi ne ta farko da aka naɗa, ko ta fi tsawo. Ta Narambaɗa mai wannan suna akasin haka take. Ɗaukarsa kaɗan ce, don haka abin da na'ura ta kama a rana guda shi ya zama waƙar, mutane suka haddace shi har da inda ya ja numfashi.

Daga shekarun 1970 jami'o'i suka shiga maganar. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shatan digirin girmamawa a 1988, Sa'idu Muhammad Gusau ya tsara hanyar nazarin waƙar baka da tarihin makaɗa, Aliyu Muhammad Bunza ya fitar da littafi a kan Narambaɗa a 2009. A Yamai an buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a 1989, tana tara kayan kiɗan gargajiya. Rubuta waƙa a littafi ya ba masu gardama sabon alƙali, sai dai alƙali ne mai rauni, tunda marubucin ma daga kaset ɗaya ya kwafo, da kunnensa da karin harshensa. Inda zare ya shuɗe ko kalmar ta Gobirci ce tsohuwa, littattafai kan saɓa, kuma ba kullum mai digiri ke da gaskiya a kan tsohon da ya tashi da karin ba.

Abu biyu suka rage wa wannan kiɗa fili, suka kuma ƙara masa daraja a wajen masu riƙe da shi. Wa'azin ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978 ta kuma bazu cikin Nijar, ya sa mutane da yawa suka bar sauraren kiɗa, kaset ɗin wa'azi ya ƙwace rabin rumfar mai kaset. Sannan daga shekarun 1990 waƙoƙin fiyano na finafinan Kano suka janye matasa. A fadojin samari, inda ake dafa shayi ana hira har dare, sabon kiɗa ne ke tashi. Kotso da taushi suka koma na dattawa da direbobi da malaman makaranta. Gidajen rediyo masu zaman kansu da suka buɗe a Nijar daga tsakiyar shekarun 1990, da na karkara da suka biyo baya, sukan ware wa waƙoƙin da lokaci, masu sauraro kuma suna bugo waya su gyara wa mai gabatarwa idan ya jingina waƙa ga wanda ba shi ya yi ta ba.

Wayar hannu ta kawar da kaset cikin 'yan shekaru. Mai rumfar kaset ya koma mai tura waƙa, da kwamfuta a gabansa, yana cika memori da ɗaruruwan waƙoƙi a kuɗin da da ba ya sayen kaset biyu. Daga baya WhatsApp da YouTube suka sa ɗaukar da wani ya ɓoye shekara talatin a Gusau tana iya isa Filinge a yini ɗaya, kuma 'yan Kurfai da ke Legas ko Kwatano ko Libiya suna cikin zauren sauraro ɗaya da na gida. Kwatance ya yi sauƙi ƙwarai, tunda ana iya jera ɗauka uku a saurare su bi da bi. Amma kwalin kaset, komai munin rubutunsa, yakan ɗauki sunan makaɗi da na wanda aka yi wa waƙa, wani lokaci da shekara. Fayil ɗin waya sau da yawa lamba ce kawai, ko suna da mai turawa ya ga dama ya sa. Waƙoƙin Sa'idu Faru da na Ɗanƙwairo da na Narambaɗa kan cakuɗe saboda duk kotso ne, ana kuma manna hoton wani makaɗi a kan muryar wani. Yawancin abin da ke yawo daga kwafin kasuwa aka juyo shi, ba daga zaren asali ba, an kuma matse shi don ya yi sauƙin turawa. Zarurrukan asali suna taskokin rediyo a Kaduna da Yamai, kuma zaren maganaɗisu ba ya jure zafi da ƙura: yakan manne, ya yi furfura, ko ya tsinke idan aka ɗora shi a kan na'ura bayan dogon ajiya, na'urorin da ke karanta shi ma an daina ƙera irinsu.